Jirgin da Baba Ya Nutsar

Duk wanda ka tambaya a Matameye zai ce maka jirgin Babanmu tsufa ya yi, ruwa ya ci shi. Ba haka ba ne. Jirgin bai nutse don kansa ba, nutsar da shi aka yi, da gangan, da rana tsaka, kuma mai shi ne ya ɗora masa buhunan yashi da hannunsa kamar yadda yake yi kowace shekara. Ina wurin. Wasu kuma suna cewa rigima ce ta shiga tsakaninsa da Alhaji mai tayoyi. Wannan ma ba haka ba ne. Da rigima suka yi, da jirgin yana nan.

Sai na fara da cewa lallai akwai jirage a wajenmu, don baƙo in ya ji dariya yake yi. Akwai wani tabki a hanyar Dungu, bayan lambunan rake. In damina ta yi kyau yakan cika har ba ka gane fuskar wanda ke tsaye a wancan gefen. Babana ya yi aikin gandun daji shekaru da yawa can gabas, bakin babban ruwa, ya dawo gida da ciwon baya da son jirgi. Da ya bar aiki sai ya sa kafinta ya haɗa masa kwale-kwale na katako, yana tsaye a kansa yana faɗa har aka gama. Gari ya yi ta dariya. Bayan damina biyu Alhaji mai tayoyi ya sa aka yi masa nasa, don shi ba ya jure a ce wani yana da abin da ba shi da shi. Sai wani malamin lekol, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe ya biyo baya, sai wasu huɗu. Suka zama bakwai, kowa da jirginsa, suka ce sun kafa ƙungiya.

Ba masunta ba ne. Kifin da suke ci a kasuwa suke saye. Ran Juma'a bayan la'asar suke haɗuwa, su tuƙa zuwa wancan gefen su dawo, su zauna ƙarƙashin mangwaro su sha shayi, su yi gardama kan wa ya fi iya riƙe filafili. Bayan girbi sukan yi tsere, wanda ya ci a ba shi damin rake. Ba abin da ke cikinta ke nan, amma Baba daga masallaci ba shi da wurin zuwa sai can.

Ni kuwa na shiga ne saboda na faɗi jarrabawar ƙarshe ta lise, wato babbar sakandare, ina zaune a gida. Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce in riƙa rubuta labarin ƙungiya a zauren hira na waya da Mushe ya buɗe musu. Ina rubutawa, sannan in karanta da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Labaran irin su: jirgin Mushe yana yoyo ta baya, Alhaji ya yi wa nasa kore, fentin bai bushe ba ya zauna a kai, wanda ya bar filafili a gindin mangwaro ya zo ya karɓa. Ban taɓa shiga jirgi ba. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya ce in shiga. Tabarma nake shimfiɗawa can gefe, da littafi a cinya. Mushe yana kirana Sakatariya, Baba yana kirana Uwata don sunan kakata gare ni.

Ga yadda suke aikinsu. In sanyi ya wuce, ruwa yakan ja baya har ya rage sai wani gurbi mai zurfi a tsakiya, mai faɗin kamar filin ƙwallo, wanda ba ya ƙafewa. Jirgin katako in aka bar shi a tudu cikin zafin bazara, tsagewa yake yi kamar ƙafar mai kaushi. Don haka sai su kai jiragen gurbin, su cika su da ruwa, su danne da buhunan yashi, su bar su kwance a ƙasa. In hadari ya fara leƙowa daga gabas sai su tono su, su shanya a inuwa, su toshe ɓula da tsumma da kwalta. Dole a tono kafin ruwan farko mai ƙarfi, don akwai ƙoramar da ke shigowa tabkin daga gonakin tudu, kuma ba ruwa kaɗai take kawowa ba, har da yashi.

Dokoki biyu gare su, duka Baba ne ya kafa. Ta farko, babba shi ke fara nutsarwa, shi ke fara tonowa, shi ke fara shiga ruwa ranar buɗewa. Ba mai taɓa jirginsa sai na babba ya fito. Ta biyu, wanda ya yi shekara cur, damina zuwa damina, ba shi da jirgi a kan ruwa, ya zama baƙo: a ba shi shayi, amma ba shi da ta cewa. Da wannan dokar Baba ya kori mutum biyu da suka shigo daga baya suka mayar da wurin rumfar mai shayi.

Sauran shidan suna kwantar da nasu a jere, gefen lambu. Baba shi kaɗai yake kai nasa can ciki, ta wajen da ƙoramar ke shigowa, tun shekarar da buhun wani ya zame ya karya masa katako. Ba ya kafa sanda, don masu shanu suna cirewa. Da ido yake riƙe wurin. Yakan tsaya cikin ruwa ya daidaita wasu itatuwa na gaɓa da wasu, inda layukan suka haɗu nan jirgin yake. Bai taɓa faɗa wa kowa waɗanne itatuwa ba ne.

Shekarar da nake magana, ranar nutsarwa, ya daɗe tsaye cikin ruwa har ƙirji yana kallon gaɓa. Ni na ɗauka iyayi ne. Na rubuta cewa an kwantar da jirage bakwai lafiya, an sha shayi, an watse. A watan nan ne kuma ya daina hawa babur ɗinsa, ya ce baya ne, muka koma ɗaukar kabu-kabu. Wannan ma ban kawo komai a raina ba.

Zafi ya yi zafi. Wata Juma'a Mushe ya nuna gabas da kofin shayi ya ce, "Kaftin, ka ga abin da na gani? Ko kuwa hayaƙin masu toyi ne?" Kaftin suke ce wa Baba, ban da Alhaji da ke ce masa Yaya.

Baba bai ɗaga kai ba ya ce, "Da saura."

Alhaji ya ce, "To, Yaya ya ce da saura."

Mushe ya ce, "Sakatariya, rubuta. Hadari ya nemi izini, Kaftin ya ce ya dawo wani makon."

Aka yi dariya, na rubuta cewa an ɗaga ranar tono zuwa Juma'a mai zuwa. Juma'ar ta zo, na sake rubuta haka. A ta uku an riga an yi yayyafi a Tsauni, manoma sun fara gyaran gona, iska tana ƙanshin ƙasa. Baba ya sake cewa da saura. Na ajiye biro na ce, "Ni fa na gaji da rubuta magana ɗaya. Ko dai in ajiye ta, duk Juma'a in tura?"

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya kalle ni kamar na tofa miyau a faranti. Mushe ya shiga zuba shayi daga sama yana kallon kumfa.

Da za mu tafi, sauran sun yi gaba, Baba ya tsaya bakin ruwa ya juya baya ga tabkin. Ya ce mini, kamar dai hira, "Uwata, gorubar nan mai kai biyu, tana nan kuwa, ko masu lambu sun sare ta?"

Gorubar tana gabansa. Ko akuya ba za ta rasa ganinta ba.

Na ce, "Ga ta nan a gabanka, Baba."

Ya ce, "Na gani. Gwada ki nake yi."

Na ce, "Tsuntsu nawa ne a kanta?"

Ya ɗaga kai ya ƙura wa gorubar ido. Babu tsuntsu ko ɗaya a kanta. Ya gyara hularsa ya ce in je in tsayar da kabu-kabu, kuma abin da ba a ce in rubuta ba kada in rubuta.

A gida na sami Inna tana tankaɗe. Na ce mata Baba ba ya gani. Ba ta dakata ba ta ce, "Yau kika sani? Wata uku ke nan ina jera masa takalmi da buta a wuri ɗaya. Ke dai wayar nan kawai kike kallo."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Da wa? Shi ai ya sani."

Da safe na kai masa koko zaure, na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na ce masa abin mai sauƙi ne: ya faɗa mini itatuwan, in tsaya a gaɓa ko in shiga ruwan, in ce masa dama ko hagu har ya taka jirgin. Kafin azahar an gama.

Ya ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "To mu je yau, ba kowa."

Ya ce, "Jirgi ba ya fitowa da mutum ɗaya. Sai an taru a kama igiya."

"To a taru."

"Su zo su tarar ƴata tana ja na kamar rago a kasuwa." Ya kurɓi koko. "Wata rana da safe idon yakan washe. Juma'a mai zuwa za mu fita da sassafe, in sha Allahu."

Ban yarda da wannan washewar ba. Na sa hijabi na tafi shagon Alhaji. Na same shi zaune kan taya yana jan carbi. Na gaishe shi na ce, "Baba Alhaji, ku je ku tono naku. Ku bar nasa, daga baya a san yadda za a yi."

Ya ce, "Shi ya aiko ki?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ba a haka, ƴata. Jirgin Yaya yana ƙasa, ni in fito da nawa in shanya? In gan shi a masallaci in ce masa me?"

Na ce, "Ka ce masa ruwa yana zuwa."

Ya yi murmushi ya ce, "Ku ƴan lekol komai a gaggauce. Ki gaida Innarki."

Ban faɗa masa maganar idon ba. Na sa ta a baki, na haɗiye. Wannan nawa kason ne, ba na ɗora wa kowa.

Ruwan bai jira Juma'a ba. Ran Laraba bayan azahar gari ya yi baƙi, aka kece kamar da bakin ƙwarya, har la'asar ta wuce bai tsagaita ba. Mutane suna murna, washegari kowa zai fita shuka. Baba yana zaune a zaure yana sauraron indararo.

Alhamis da hantsi duk bakwai ɗin suna bakin tabki, ba wanda ya kira wani. Ruwan ya hau, ja wur, ƙoramar tana kan zuba. Inda take shigowa yashi ya yi tudu kamar an juye tifa goma. Suka tsaya cirko-cirko. Ko a lokacin ba wanda ya cire riga. Jira suke.

Baba ya lalubi tabarmata ya zauna. Ya ce, "Ku tono naku."

Alhaji ya ce, "Yaya..."

"Na ce ku tono."

Kwana huɗu suna yi, da igiya da shebur, da wasu masu lambu da suka iya nutso. Nasu yana gefen da yashi bai kai sosai ba. Biyar suka fito lafiya. Na Mushe ya fito a rabe biyu, ya tsaya yana kallonsa ya ce, "To, yanzu ina da jirgi biyu, a ƙara mini girma a ƙungiya." Na Baba kuwa yana can wajen bakin ƙoramar. An soka gora nan da can, ba a ji komai ba. Ba wanda ya tambaye shi daidai ina, shi ma bai ce ba.

A rana ta huɗu na tambayi abin da zan rubuta. Alhaji ya duba ya ga Baba ya yi nisa wajen alwala, ya rage murya ya ce, "Rubuta cewa jirgin Kaftin ya tsufa, ruwa ya ci shi."

Na ce, "Bara aka canja masa katako uku."

Mushe ya ce, "Sakatariya, rubuta dai."

Na ce, "Mushe, kun san dalilin da ya sa ya yi ta ɗagawa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Tun ranar tseren kaka. Ya wuce gaɓa da jirgi ya shiga cikin bado, ya ce iska ce. Ranar ko ganye ba ya motsi."

"Duk kun sani?"

"Kina zaton mu ma makafin ne?"

Maza bakwai, wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu yana da jika. Shida sun san ɗaya ba ya gani, ɗayan ya san sun sani, ni na sani, Inna ta sani. Makonni uku suna kallon hadari suna shan shayi, don duk wanda ya fara tono nasa kamar ya faɗi maganar ne da baki. Kara suke yi masa. Karar ta ci jirginsa, ta raba na Mushe biyu. Na rubuta abin da Alhaji ya ce, na karanta da muryata, na tura. Daga nan maganar tsufa ta shiga gari.

Ranar buɗe ruwa Alhaji ya kawo jirginsa kore ya ce Yaya ya shiga ya buɗe musu. Baba ya ce doka ta ce jirginka, ba ta ce jirgin ƙaninka ba. Wani ya ce ai doka mutum ya yi ta, a sassauta. Baba ya ce mutum biyu ya sallama da ita, ɗaya har yau ba ya amsa masa gaisuwa da kyau, ba zai lanƙwasa ta don ta zo kansa ba. Alhaji ya shiga farko, yana tuƙi kamar wanda aka aika gidan makoki. Mushe ya kai ɓangarorin jirginsa wajen kafinta, cikin wata guda ya dawo kan ruwa. Aka ce a haɗa wa Baba sabo, ya ce ba ya hawa jirgin sadaka, kuma nasa bai mutu ba, yana nan kwance.

Daga nan ya daina zuwa. Ran Juma'a bayan la'asar sai ya zauna a zaure da rediyo. Ni na ci gaba da zuwa, don ba wanda ya ce in daina. In na dawo yakan ce, "Me aka yi?" In karanta masa. Wa ya ci tsere, wa ya faɗa ruwa da sabuwar shadda. Yakan gyara mini: ba a cewa gindin jirgi, baya ake cewa. Wata rana Inna ta ce da shi ta rantse ba za ta sake ɗora tukunya ba sai ya ga likita. Muka shiga mota zuwa Damagaram. Likita ya ce yanar ido ce, aka yi aiki a ido ɗaya. Yanzu yana ganin kofi, yana ganin fuskar wanda ya zauna kusa da shi. Abin da ke nesa kuwa hazo ne.

Yanzu sanyi ya fara wucewa, ruwan yana ja baya. In damina ta sake faɗuwa jirgin yana ƙarƙashin yashi, Baba ya zama baƙo a ƙungiyar da ya kafa, kuma na san shi, ba zai je ya zauna a ba shi shayin baƙi ba. Sauran kuwa na ga alama sun shirya yin abin da suka iya: su jira. Makon jiya Alhaji ya ce in rubuta cewa ana yi wa Kaftin fatan alheri. Ban rubuta ba.

Shekaranjiya na kashe masa rediyo. Na ce, "Baba, katakon nan ya ruɓe ko bai ruɓe ba?"

Ya ce, "Katako ba ya ruɓewa cikin ruwa. Iska ce ke cinsa. Kunna mini abina."

Na ce, "Itatuwan."

Inna tana tsakar gida, na ji ta daina daka. Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo, "Gorubar, sai ta rufe dabinon da ke bayanta. Sannan ki waiwaya hagu. Akwai gawo, akwai giginya. Sai giginyar ta fito daga ƙuryar gawon kamar reshensa." Ya miƙa hannu ya kunna rediyon da kansa. "Ban faɗa miki komai ba."

Jiya na je ni kaɗai na duba. Duk huɗun suna nan. Ruwan wurin har yanzu ya fi ƙarfina, amma nan da mako uku zai dawo iya gwiwa, don yashi ya cike wurin.

Ba zan kai maganar gindin mangwaro ba, don za a ce a bari sai Juma'a. Gobe zan je wajen mai walda ya yanko mini ƙarfe dogo mai tsini. Akwai wasu masu haƙar rijiya ƴan Tsauni da suka yi wa maƙwabtanmu aiki, su sun san yadda ake tare yashi kada ya rufto, zan nemo su. In ruwan ya ja, ranar wata Talata za mu je, da safe, lokacin da Alhaji ke shago, Mushe ke aji. Ni zan shiga ruwan in tsaya inda layukan suka haɗu, in soka har sai na ji katako.